Zumunci a Ƙafa Yake: Malami, Hanya da Dangi

(Jawabin da aka gabatar a taron reshe na ƙarshen zangon karatu, a garin Fakku)

 

An saba a irin wannan taro a yi magana kan albashi da ƙarin girma da kuɗin sallama, kuma duk maganganu ne da suka cancanci a yi su. Yau shugabanni sun ba mu izini mu waiwayi wani al'amari da ba a rubuta shi a takardar albashi ba, alhali yana cikin abubuwan da ke riƙe malami tsaye, wato sada zumunci da dangi da tsofaffin abokai a yayin tafiye-tafiyenmu. Hutu ya ƙarato. Nan da 'yan kwanaki da yawanmu za su kama hanya, wani zuwa Sakkwato don ganin likita, wani zuwa Tambuwal don harkar banki, wata zuwa bikin ƙanwarta, wani kuma gida zai koma ya duba gona. A kowace ɗaya daga cikin hanyoyin nan akwai ƙofofin da suka san mu, kuma mota ba ta tsayawa a gabansu sai wanda ke ciki ya ce a tsaya.

Bari mu fara da dalilin da ya sa wannan magana ta fi shafar malami. Aikinmu aiki ne na canjin wuri. Takarda ɗaya ta isa ta ɗauke mutum daga Fakku ta kai shi Kuchi, ko daga Sangi zuwa Ungushi, ya bar maƙwabtan da ya yi shekara biyar yana cin tuwo da su. Kafin nan ma, ranar da muka kammala Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ko wata kwaleji irinta, aka watsa mu kamar an sheƙe gero a iska. Waɗanda muka kwana ɗaki ɗaya da su, muka yi koyarwar gwaji tare, muka raba garin kwaki lokacin da guzuri ya ƙare, yau wani yana Gwadabawa, wani yana Isa, wani ya bar koyarwa ya shiga kasuwa, wani kuma ya riga mu gidan gaskiya. Malami mutum ne mai tarin sani, amma saninsa a warwatse yake.

Sai kuma yanayin ƙasar da muke ciki. Jihar Sakkwato da aka kafa a 1976 ta haɗa mu da Jega da Aliero da Yawuri da Gummi da Anka ƙarƙashin hukuma ɗaya. A 1991 aka yanke Jihar Kebbi, a 1996 aka yanke Zamfara, sai ƙasar Kebbe ta wayi gari a tsakanin jihohi biyu. Gulbin Zamfara da ya ratso Gummi ya nufi Jega bai canza hanya ba saboda wannan rabo, aure da kasuwa ma ba su canza ba. Abin da ya canza shi ne, malaman da a da suke haɗuwa a taron bita ɗaya, suna karɓar albashi a layi ɗaya, sun koma ƙarƙashin hukumomi uku. Haɗuwar da aiki ke kawowa kyauta ta yanke. Wanda ke son ganin abokinsa na Gummi a yau, sai ya ɗaura niyya ta musamman.

Idan muka duba baya, za mu ga mutanen wannan yanki ba su taɓa zama masu zaman wuri ɗaya ba, kuma duk da haka zumuncinsu bai tsinke ba. Fataken goro da ke zuwa Gwanja suna bi ta Jega da Yawuri, su yi watanni a hanya kafin su isa Salaga a ƙasar Ghana ta yau. A kowane zango suna da mai masauki, wanda ya san uban baƙonsa, kuma ɗansa zai san ɗan baƙon. Madugu yana ɗauke da labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu, kamar yadda jakuna ke ɗauke da kanwa da tufafi. Bayan su aka yi 'yan ci-rani, waɗanda ke fita da zarar an kammala girbi su dawo da faɗuwar ruwa. Unguwar Sabo ta Badun, da aka kafa a 1916, da Agege a Legas, da zangon Kumasi, duk cike suke da jikokin mutanen ƙasar Sakkwato da Kabi. Da yawa a cikinmu mun yi wayo mun tarar ana kawo wa malamin firamare wasiƙa ya karanta wa tsohuwa, ya kuma rubuta mata amsa, ko a aiko da kaset a taru a tsakar gida a saurari muryar wanda ke kudu. Ɗan ci-rani ba ya barin gari sai ya bi gida-gida ya karɓi saƙo.

Malamanmu na farko ma matafiya ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fita daga Ɗagel ya zaga ƙasashen Kabi da Zamfara yana karantarwa shekaru da dama kafin hijirar 1804, kuma almajiran da ya samu a waɗannan tafiye-tafiye su ne suka zama jama'arsa. Ya zauna a Sifawa kusa da Boɗinga kafin ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. Ɗansa Muhammadu Buhari ya zauna a Tambuwal. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke jagorantar mata daga ƙauyuka su zo wurinta su ɗauki karatu, su koma su koyar da na gida. Waɗannan mata da ƙafa suke tafiya, kuma abin da suke ɗauka ya haɗa da karatu da gaisuwa da labarin 'yan'uwa. Malamai mata da ke zaune a nan, wannan gadonku ne.

Akwai kuma darasin tafiyar da ba a dawo ba. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka zauna a bakin kogin Nilu a ƙasar Sudan, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Akwai gidaje a ƙasar nan da suka san cewa wani kakansu ya yi gabas, amma babu wanda ya rage da zai iya faɗin sunan jikokinsa. Haka zumunci ke mutuwa: wanda ya san hanya ya rasu, bai nuna wa kowa ba.

To, me ya sauya a zamaninmu? Abubuwa uku ne a fili.

Na farko wayar hannu. Tun da ta shigo a 2001 ta sauƙaƙa abubuwa da yawa, babu mai musun haka. Rasuwar da a da sai bayan sati biyu za a ji, yanzu kafin a yi wanka an ji ta a Legas. Sai dai waya tana sa mutum ya ji kamar ya sauke nauyi alhali bai sauke ba. Gwaggo za ta ce maka lafiya lau ko da kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, domin tarbiyyarmu ba ta yarda a kai ƙarar talauci ta waya ba. Sai wanda ya shiga gidan ya ga murhu, ya ga rumbu, ya ga idon da ya fara rufewa da yanar ido, shi zai san hali. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mun kuma ga iyakar waya a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato saboda matsalar tsaro. A lokacin, wanda lamba kawai ya riƙe bai san gida ba, ya rasa yadda zai ji labarin nasa.

Na biyu tsadar sufuri. Daga 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, litar da farashinta na hukuma bai kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta kai 1,000. Kuɗin mota da na ɗan acaɓa suka bi ta. Malamin firamare mai iyali, wanda albashinsa kan ƙare kafin wata ya raba, dole ya yi lissafi kafin ya ce zai je Yawuri gaida kawu.

Na uku, kuma mafi nauyi, rashin tsaro. Ba sai mun yi wa mutanen ƙasar Kebbe bayanin wannan ba. Akwai hanyoyin da muka bi da dare a kan keke muna yara, yanzu ba a bin su bayan la'asar. Akwai ƙauyukan da mutanensu suka tashi, suka watsu cikin garuruwan da suka fi samun kwanciyar hankali, wasu a gidajen dangi, wasu a kango. Babu mai hankalin da zai ce malami ya jefa kansa cikin halaka da sunan ziyara, kuma ba shi muke kira a yi ba.

Waɗannan uzurori ne na gaskiya. Amma mu auna abin da ake asara idan aka bar su suka rufe ƙofa gaba ɗaya.

Akwai tsofaffinmu. Kowace tsohuwa a dangi tana riƙe da salsalar gida a kanta: wa ya haifi wa, wa ya sha nonon wa, wace gona ce aro, wace ce gado, ina iyakar ta tsaya. Maganar shayarwa kaɗai ta isa misali, domin da ita ake sanin wanda aure ya haramta tsakaninsu, kuma ba a rubuta ta a ko'ina. Ranar da tsohuwar ta rasu ba a tambaye ta ba, sai rigimar iyaka ta tashi a rasa mai raba gardama.

Akwai iyayenmu a wannan aiki, malaman da suka yi ritaya. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yara na gaishe shi kowace safiya, rana ɗaya sai ƙofarsa ta yi tsit. Jiran haƙƙoƙinsa yana da ciwo, amma waɗanda suka zauna da su sun san shirun ma yana da nasa ciwon. Sallamar tsohon ɗalibi ko tsohon abokin aiki a ƙofar gida tana tayar da irin wannan dattijo zaune.

Akwai ɗalibanmu da suka bi iyayensu gudun hijira. Sunayensu na nan a rajista, kujerunsu babu kowa. Malamin da ya sauka a gidan dangi a wani gari, ya tambayi ina mutanen ƙauye kaza suka sauka, yana iya tarar da yarinyar da ya bari a aji huɗu tana talla. Magana ɗaya da shugaban makarantar garin, wanda wataƙila abokin karatunsa ne, ta isa ta mayar da ita aji. A nan Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai ɗaya a watan Satumba na 1999, kuma dokar 2004 ta ba kowane yaro haƙƙin karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta. Doka ba ta da ƙafar da za ta bi yaro zuwa inda ya gudu, malaminsa ne ke da ita.

Sannan akwai 'ya'yanmu. Yaron da ya tashi bai san gidan baffansa ba, bai taɓa wasan taubasantaka da 'ya'yan gwaggonsa ba, idan ya girma ba zai nemi wanda bai sani ba. Mu ne gadar da ke tsakaninsu da dangi.

Ba za mu ɓoye cewa ziyara tana da nata ƙaya ba. Wanda ya daɗe bai zo ba, in ya yi sallama, wani lokaci abin da ake fara tunani shi ne ya zo maganar gonar gado. Tsohon aboki da Allah ya ɗaukaka yakan zaci an zo neman alfarma, wanda kuma duniya ta juya wa baya yakan ji kunyar a gan shi a halin da yake. Siyasa ta raba wa da ƙane a garuruwa da yawa, har ana ƙin zuwa suna saboda jam'iyya. Akwai kuma gidajen da aka yi shekaru ba a ga maciji, kowa na jiran ɗayan ya fara.

A nan tarihin maƙwabtanmu yana da abin koyarwa. Sakkwato da Kabi sun shafe mafi yawan ƙarni na 19 suna gaba da yaƙi. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka zuwa Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi, aka shirya kamun kifi don girmama baƙo. Daga wannan ziyara bikin kamun kifi na Argungu ya samo siffar da duniya ta san shi da ita, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun da ake tattali a 2016. In sarakunan da kakanninsu suka zubar da jinin juna sun iya zama a tabarma ɗaya, rigimar kadada ɗaya ba ta fi ƙarfin sallama ba. Addininmu ya koyar da cewa mai sada zumunci na haƙiƙa shi ne wanda ke nema ko an yanke masa, kuma an yi masa albishir da yalwar arziki da albarkar kwana.

Saboda haka ga abin da muke ba da shawara, gwargwadon ƙarfin aljihun malami da halin da hanya ke ciki.

Mu ɗora ziyara a kan tafiyar da dama za mu yi. Wanda zai je Sakkwato taron bita ko tantancewa, titin zai ratsa da shi Tambuwal da Shagari da Boɗinga. Wanda ya nufi kudu zai bi Koko da Yawuri da Kontagora. Kafin a tashi, a zauna da uwargida ko maigida a lissafa wa muke da shi a wannan hanya, a zaɓi gida ɗaya. Saukar awa biyu ba ta ƙara wa kuɗin mota wani abin kirki, kuma gida ɗaya a kowace tafiya ya zama gidaje da dama a shekara.

Mu sauƙaƙa tsaraba. Abin da ke hana mutane da yawa zuwa shi ne kunyar shiga hannu rabbana. Ƙullin albasar Aliero, ko busasshen kifin Yawuri, ko goro biyar, ko sabulu, sun wadatar. Tsohuwa ba ta auna leda, fuska take kallo. Mai masauki shi ma kada ya ci bashi don ya yanka kaza, abin da ke tukunya shi ne abincin baƙo. Baƙo kuma ya tuna an ce shi raɓa ne, kada ya kwana uku inda kwana ɗaya ya isa.

Mu raba ziyara da buƙata. In muna da abin nema wurin tsohon aboki, mu sa masa wata rana daban. Zuwan farko bayan dogon rabuwa ya zama na gaisuwa zalla, da ta'aziyyar waɗanda suka rasu ba mu samu zuwa ba, da barkar waɗanda aka haifa. Maganar gado da ta siyasa a bar su a bakin zaure.

Mu kiyaye kanmu. A tambayi direbobin tasha da mutanen gari halin hanya a safiyar tafiya, a fita da hantsi a sauka kafin la'asar. Kada a sanar da ranar tafiya a Facebook ko a zaurukan WhatsApp, mai masauki kaɗai ya sani. In an ce hanya ba ta da kyau, a fasa, a aika saƙo ta hannun wanda aka yarda da shi, ko a shirya haɗuwa a gari na uku ranar kasuwa. Wanda ya fasa don tsira da rai bai yanke zumunci ba.

Mu tafi da yaro ɗaya in hanya ta ba da dama, mu sa shi ya durƙusa ya gaida kowa da sunan da ya dace: wannan Inna ce, wannan Kawu ne, wannan Baffa ne. Mu ɗauki littafi da biro mu rubuta abin da tsofaffi suka faɗa na salsala. Mu da muke rubuta tsarin darasi kowane mako ba za mu gaza shafi biyu don gidanmu ba. In an koma makaranta, a darasin Hausa ko na zamantakewa, a sa kowane ɗalibi ya tambayo sunan kakanninsa huɗu da garin da kowanne ya fito.

Ga reshe kuma muna da roƙo guda uku. Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya, da aka kafa a 1931, an gina ta ne a kan cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon a buɗe littafi na malaman wannan yanki da suka yi ritaya, da garin da kowanne yake zaune, a ajiye shi wurin sakatare, domin duk mai tafiya ya duba ya ga wa ke kan hanyarsa. Muna roƙon idan za a je taro a Sakkwato a riƙa haɗa kuɗi a ɗauki mota ɗaya, a ware lokacin tsayawa gaida dattijo ɗaya a dawowa. Muna kuma roƙon a Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba, kowace makaranta ta tura mutum biyu su gaida tsohon malamin da ya fi kusa da ita, ko iyalan wanda ya rasu. Idan aka dawo daga hutu, duk wanda ya ci karo da ɗalibanmu da suka yi hijira ya kawo sunayensu da inda suke, reshe ya rubuta wa takwaransa na can.

'Yan'uwa malamai, iyayenmu sun taka daga nan zuwa Gwanja da ƙafa ba su manta da kowa ba. Abin da ake nema gare mu bai kai nasu wahala ba. Kowa ya san sunan da ya faɗo masa a rai tun da aka fara wannan jawabi, to da shi za a fara a wannan hutu.

Allah ya kai mu inda za mu lafiya, ya dawo da mu lafiya. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu. Allah ya jiƙan malamanmu da iyayenmu da suka rigaye mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya albarkaci ɗalibanmu da zuriyarmu.